Tsarin raya ƙasa da mu mutanen Kaduna: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk inda aka taɓo maganar tsarin raya ƙasa, ko a majalisar unguwa bayan la'asar, ko a taron ƙungiyar manoma, ko cikin 'yan kasuwa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa. Shi ya sa na tattara su wuri guda na amsa, daga masu sauƙi zuwa waɗanda suka shafi gona da fuloti da shago. Kowace amsa tana tsayuwa da kanta, amma inda wata ta jingina da wata na nuna.

Wai mene ne ma tsarin raya ƙasa ɗin nan da ake ta faɗa a rediyo?

Takarda ce da gwamnati ke zama ta rubuta, ta ce daga bana zuwa shekara biyar ga inda muke so ƙasa ta kai, ga hanyoyin da za a yi, ga wuta, ga noma, ga makarantu da asibitoci, ga kuma inda kuɗin zai fito. A Abuja ma'aikatar kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki ce ke riƙe da aikin, wadda Atiku Bagudu tsohon gwamnan Kebbi ya zama ministanta a 2023, sannan a kai wa majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa ke jagoranta kuma duk gwamnoni 36 suna ciki har da namu.

Na 2021 zuwa 2025 da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar ya yi lissafin naira tiriliyan 348.1, da alƙawarin ayyukan yi miliyan 21 da fitar da mutum miliyan 35 daga talauci. To amma ku lura da rabon kuɗin, domin nan ne mutane da yawa ba su sani ba: tiriliyan 49.7 ne kawai aka ce gwamnatoci za su kawo, sauran sama da kashi 85 cikin ɗari an ɗora shi ne a kan 'yan kasuwa da masu zuba jari. Ke nan in babu tsaro babu wuta, mai kuɗi bai zo ba, to mafi yawan tsarin ya tsaya ke nan ko da gwamnati ta biya nata. A samansa kuma akwai mai dogon zango, Ajandar 2050, da aka ƙaddamar a 2023.

Sabon abu ne, ko tun da ana yi?

Tsohon abu ne. Na farko bayan 'yancin kai shi ne na 1962 zuwa 1968, a zamaninsa aka gina madatsar Kainji. Sai na 1970 zuwa 1974 na gyaran ɓarnar yaƙin basasa, na 1975 zuwa 1980 lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, sai na 1981 zuwa 1985 wanda faɗuwar farashin mai ta karya. Mu nan Kaduna mun ci moriyar wancan zamani, kamfanin harhaɗa Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai aka buɗe ta a 1980, ga masaƙun Kakuri da suka faro tun 1957 da kamfanin Kaduna Textiles, wato KTL. Ka zauna da dattijon Kakuri ko Makera ya ba ka labarin jiniyar canjin aiki da yadda ma'aikata ke fitowa a kan kekuna su cika titi, masu abinci suna jiransu a bakin get, za ka gane abin da garin nan ya rasa.

Daga 1986 da Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP aka bar tsarin shekara biyar-biyar, daga baya aka shiga masu suna: Burin 2010 na Abacha, NEEDS na Obasanjo a 2004, Burin 20:2020 na zamanin 'Yar'aduwa, ERGP na Buhari daga 2017 zuwa 2020. Wajen rubutu kam ba mu taɓa gazawa ba. Abin da ke cin mu yana cikin amsar "me ya sa ba ma gani a ƙasa".

To mene ne bambancinsa da kasafin kuɗi?

Tsari zanen gida ne, kasafi kuma kuɗin bulo da simintin da za ka iya saya a bana. Tsari ba doka ba ne da za ta tilasta a fitar da kuɗi, kasafin shekara shi ne majalisa ke amincewa da shi gwamna ko shugaban ƙasa ya sa hannu ya zama doka. A tsakaninsu akwai ƙiyasin shekara uku da ake kira MTEF, wanda dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta wa tarayya.

Saboda haka aiki yana da matakai kafin ya iso garinku: ya shiga tsari, ya shiga kasafi da sunansa da adadin kuɗinsa, a saki kuɗin, a ba da kwangila, ɗan kwangila ya zo ya yi. Da yawa a mataki na uku suke mutuwa. Idan ɗan siyasa ya ce muku "an sa hanyarku a kasafi", ku gode masa, sannan ku tambaye shi nawa aka saki.

Jihar Kaduna tana da nata tsarin ne, ko na Abuja ake bi?

Tana da nata. An yi na 2016 zuwa 2020, aka yi na 2021 zuwa 2025, akwai kuma babban tsarin ababen more rayuwa na 2018 zuwa 2050. Hukumar tsare-tsare da kasafi ta jiha ce ke haɗa su, hukumar ƙididdiga ta jiha kuma tana tattara alƙaluma. A 2017 ma Kaduna ta fitar da rahotonta na kanta kan muradun ci gaba mai ɗorewa, abin da jihohi ba su saba yi ba a lokacin.

A ganina na jiha ya fi shafar rayuwarka ta yau da gobe nesa ba kusa ba. Filaye a hannun gwamna suke, firamare da ƙaramin asibiti da kasuwa da hanyar ƙauye duk na jiha ne da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 da muke da su. Kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ciyaman da kansila ba su da hujjar cewa komai a sama yake, ya kamata a fara tambayarsu nasu tsarin.

Me ya sa ba ma gani a ƙasa?

Babban dalili shi ne kuɗin da aka rubuta ba shi ake samu ba, kuma in an samu albashi da biyan bashi ne ke fara cin nasu, ayyuka su samu ragowa. A watan Maris na 2024 gwamna Uba Sani da bakinsa ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Bashin dala kuwa duk lokacin da naira ta faɗi ƙaruwa yake yi ko ba a ƙara cin ko kwabo ba, kuma kowa ya ga abin da ya faru da naira da farashin siminti da kwalta bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kwangilar da aka bayar da tsohon farashi dole ta tsaya a sake lissafi.

Sai canjin gwamnati, kowa ya zo yana son aikin da za a ce nasa ne, na wanda ya gabace shi ya zauna ciyawa ta cinye. Tashar wutar Kudenda mai megawat 215 tun 2009 aka ba da kwangilarta. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun 2018 ake kansa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wato AKK, mai tsawon kilomita 614 a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, shi ne kuwa fatan duk mai son masana'antun Kakuri su farfaɗo. Ga kuma wata matsalar da ba a cika ambata ba, rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce jihar Kaduna tana da mutum miliyan 6.1. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu sun yi aure, amma har yau ƙiyasi ake yi a kan wancan adadin wajen lissafin azuzuwa da gadajen asibiti.

Ni manomi ne a ƙauye, ina ruwana da wata takarda a Abuja?

Malam, kai ne ma ya fi shafa. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, wato rashin ruwa da makaranta da asibiti da abinci mai kyau, kuma a karkara kashi 72 cikin ɗari ne, a birni kashi 42. An sha kawo shirye-shirye domin ku: Ciyar da Ƙasa na Obasanjo a 1976, shirin raya noma na Funtuwa a 1975 lokacin tana cikin jiha ɗaya da mu, Juyin Noma na Shagari, hukumar raya karkara ta DFRRI ta Babangida a 1986, Fadama, sai bashin manoma na Anchor Borrowers daga 2015. Wanda ya bar alama a cikinsu shi ne wanda ya bar hanya, ko rijiya, ko malamin gona.

Hanya nake so a tsaya a kanta. Je ka ƙauyen da ke bayan rafi a watan Agusta, kwalbati ya karye, a-kori-kura ta tsaya a wancan ƙetaren, matasa suna ɗauko buhun taki a ka ɗaya bayan ɗaya suna ratsa ruwa, mai babur ya ninka kuɗinsa, mace mai naƙuda kuma a amalanke za a fito da ita. Da kaka ɗan kasuwa ɗaya ne zai iya shigowa da mota, farashin da ya faɗa shi ne farashi, alhali buhun masarar nan in ya isa Saminaka ko Giwa wani kuɗin ne daban. Taki mai rahusa na shekara ɗaya ne, shi ma ba kowa ke samu ba, hanya kuwa in an yi ta da kyau ana kuma gyara ta, kowace shekara tana ƙara maka kuɗin buhu. Ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana fitar da irin masara da dawa masu jure fari da ƙuduji, amma in babu malamin gona da zai kai maka, iri yana Samaru kai kana ƙauye. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa kashi 10 cikin ɗari na kasafi zai tafi noma, wannan ma'auni ne da za ka iya riƙe kowace gwamnati da shi.

Muna noma citta da tumatir da masara, me ya sa ba mu ke cin ribar ba?

Saboda ɗanye muke sayarwa, kuma a lokacin da kowa ke sayarwa. Kudancin Kaduna, Kachia da Jaba da Kagarko, su ne cibiyar citta a Najeriya, amma yawanci a yanka ta a shanya a zuba a buhu a yi Legas da ita, wanda ya niƙa ta ya tace man da ke cikinta a wata ƙasa shi ke kwashe riba. A 2023 da cutar nan ta faɗa wa gonakin citta manoma da yawa sun rasa amfanin da irin gaba ɗaya, babu inshora, babu rumbun iri mai tsabta da za a koma wa. Tumatir na yankin Ikara da Kubau shi ma haka, lokacin rani kwando ya yi arha har a bar shi a bakin titi, da damina kuma ya gagari talaka.

Amsar da tsari ya bayar ita ce a kawo masana'anta kusa da gona. Kamfanin Olam ya buɗe injin abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a Chikun a 2017, wanda ya ƙara masu sayen masara da waken soya. A watan Afrilun 2025 kuma aka aza harsashin yankin sarrafa amfanin gona na musamman a kan hanyar Abuja, da tallafin Bankin Raya Afirka. Abu ne mai kyau, sai dai manomi mai kadada ɗaya ba zai iya ciniki da masana'anta shi kaɗai ba, sai ƙungiya mai rajista da ma'auni ɗaya da ɗakin ajiya. Ku fara haɗa wannan tun kafin a gama ginin.

Tashar kan tudu ta Kakuri da yarjejeniyar kasuwancin Afirka, me za su ƙara mana?

Tashar Kakuri Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2018. Manufarta ita ce ɗan kasuwan Arewa ya yi duk harkar kwastan ɗinsa a nan, a rufe kwantena a Kaduna ta wuce jirgin ruwa, ko ta sauka daga waje a buɗe ta a nan, ba sai ya je ya yi makonni a Apapa ba. Amma ƙarfinta yana ga jirgin ƙasa. Sabon layin dogo ya haɗa Abuja da Rigasa tun 2016, ya haɗa Legas da Ibadan a 2021, na Kaduna zuwa Kano an fara shi a 2021, tsakanin Ibadan da Abuja kuwa ba a haɗe ba, don haka har yanzu tirela ce ke ɗaukar mafi yawan kaya da duk tsadar man dizal da shingayen hanya.

Ita kuma yarjejeniyar AfCFTA, Najeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, aka fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, ofishinta yana Accra. Za a riƙa rage harajin shigar da kaya tsakanin ƙasashen Afirka a hankali. Ƙofa ce mai buɗewa ta ɓangare biyu fa, kayanmu su fita na wasu su shigo, kuma wanda ya ga yadda atamfar waje ta kashe masaƙunmu ya san abin da ke faruwa in wutarka ta fi ta abokin gasarka tsada. Mu 'yan Arewa kuma kasuwarmu ta kusa Nijar ce, mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga na bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk tsarin kasuwancin da bai kula da hanyar Maraɗi ba bai san Arewa ba.

Ƙaramin ɗan kasuwa kamata zai iya fitar da kaya waje?

Zai iya, amma da wuya shi kaɗai ya cika kwantena, gara haɗin gwiwa kamar yadda na faɗa a amsar citta. Abin da ake buƙata: rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni CAC, rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya NEPC, cike fam ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, da takardar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS. In abinci ne da aka sarrafa sai an bi ta NAFDAC.

Inda aka fi faɗuwa shi ne inganci. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Mutum ɗaya ya zuba fiya-fiya a buhu, ƙasa guda ta rasa kasuwa. Shanya citta a kan kwalta ko a ƙasa inda awaki ke bi, da ɗura ta a buhu ba ta gama bushewa ba, duk suna sa a dawo da kaya.

Me ya sa garin Kaduna yake ta faɗaɗa ba tsari, ba a taɓa zana shi ba ne?

An zana shi, Kaduna ma tana cikin garuruwan da aka fara da zane. Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, a 1967 kuma wani Bature mai suna Max Lock ya fitar da babban tsarin garin na shekara hamsin, aka sake sabunta shi a 2010. Dokar tsara birane ta ƙasa ma tana nan tun 1992. Abin da ya faru shi ne mutane sun riga gwamnati isa filin. Rigasa, Hayin Banki, Rafin Guza, Mando, Rigachikun, Maraban Rido, Gonin Gora, yawancinsu gonaki ne aka yayyanka aka sayar, kowa ya gina iya fulotinsa har bakin iyaka, ba a bar wurin kwata ba balle makaranta ko filin wasa ko maƙabarta, sai bayan gidaje sun cika a zo ana neman inda taransifoma za ta zauna. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka raba mazauna garin, kowa ya koma ɓangaren kogin da yake jin ya fi aminci, unguwannin gefe suka cika cikin gaggawa.

Kuma kada a raba wannan da maganar ƙauye da ke sama. Yawancin masu cika unguwannin nan daga karkara suka zo, wasu neman abin yi, wasu gudun 'yan bindiga. Ko gada nawa aka yi a Kawo, in ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi ba su zaunu ba Rigasa za ta ci gaba da cika fiye da ƙarfin ruwanta da makarantunta.

Zan sayi fuloti, me zan duba don kada a rushe min gobe?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake saya haƙƙin zama ne. Takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfani wajen nuna wa ka saya a hannunsa, amma ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba. Kafin ka biya, je KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar, a duba maka ko filin yana da mai shi a rajista, ko yana cikin wurin da aka ware wa hanya ko makaranta ko wata hukuma. Kafin ka sa bulo kuma ka nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha.

Da idonka ma za ka iya gane wasu: ƙarƙashin babbar wayar wuta, gefen layin dogo, kan bututun mai, bakin kogi ko rafi. In dillali ya ce maka "kowa ma haka ya gina", to kowa ɗin ne za a shafa wa jan fenti rana ɗaya. Ka je ganin fili da damina, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi. Hajiya, ke ma in da kuɗinki kika saya, a rubuta da sunanki, doka ta ba ki wannan, kuma yana rage rigimar gado.

In gwamnati ta karɓi gonata ko gidana don aiki, ina da haƙƙin diyya?

Gwamna yana da ikon soke haƙƙin zama saboda amfanin jama'a, amma dokar 1978 ɗin ta ce a ba da sanarwa kuma a biya diyyar abin da ka kashe a kan ƙasar, wato gini da amfanin gona da itatuwa masu kuɗi, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Nan ne manomi ke cutuwa, gonar da ta ciyar da gidansu tun kakanni sai a lissafa masa masarar shekara ɗaya da mangwaro biyu. Ranar ƙidayar kaya ka kasance a wurin da kanka, ka ɗauki hoto, ka karɓi kwafin abin da aka rubuta, in kuna da yawa ku ɗauki lauya da mai ƙiyasi naku tare.

Aikin sabunta birane da gwamnatin El-Rufa'i ta fara a 2019 ya ba garin nan tituna da gadar Kawo da kowa ke amfana da su, wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa rushe kasuwanni irin Kasuwar Barci a 2020 ya tarwatsa masu ƙaramin jari da yawa da ba su iya sayen sabon shago ba. Ni dai ina ganin kafin katafila ta iso ya kamata a ce an riga an nuna wa mai teburi da mai rumfa inda za su koma da kuɗin da za su iya biya, a rubuta shi cikin kuɗin aikin tun farko.

Kalmar nan "ci gaba mai ɗorewa", mu me ta shafe mu da shi?

Muradu 17 ne da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 zuwa 2030, na 11 shi ne na birane da matsugunai. A Kaduna ka fassara shi da abu biyu, ruwa da itace. Kogin Kaduna ya yi mummunar ambaliya a 2003 da 2012, kuma kusan kowace damina sai an ji ruwa ya shiga Kigo Road ko Bashama Road ko Nasarawa ko Rafin Guza. Ruwan sama ya ƙaru da ƙarfi, amma mu ma mun gina a hanyarsa mun cika kwata da leda da robar ruwa. Hukumar hasashen yanayi NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, a saurare shi, duba kuma amsar fuloti.

Itace kuwa, ka tsaya a hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari ka ƙirga motocin gawayi. Ba za ka ce wa matar da gas ya fi ƙarfinta ta daina girki ba, sai an sauƙaƙa gas ɗin da murhu mai cin itace kaɗan, an kuma dasa inda aka sare. Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, amma tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, na gyaran ƙasar da ta lalace da zaizaya da madatsun ruwa. Bashi ne za a biya, don haka a tambayi inda aka yi aikin.

Ana maganar tsari alhali ba a iya zuwa gona, ba tsaro ne farko ba?

Tsaro ne farko, babu musu. Manomin da ya biya kuɗin fansa ya sayar da shanun huɗa ba shi da abin da zai yi da sabon iri. Da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan shekaru a rufe, an ga yadda motoci da ciniki suka dawo cikin ɗan lokaci. Sai dai shi ma tsaron yana da alaƙa da yadda aka raba ƙasa: burtali da aka nome, makiyaya irin ta Ladduga a Kachia da ke buƙatar ruwa da makaranta da asibitin dabbobi, dazuka irin Kamuku da aka bari babu hanya babu hukuma. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024 da hukumar raya Arewa maso Yamma a shekarar, aikinsu ya kamata ya fara daga nan.

Ta ina talaka zai sa baki a cikin wannan duka?

Akwai ƙofa, mutane ne ba su san ta ba. Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na OGP a 2018, kuma akwai takardar buƙatun al'umma da a ofis ake kira CDC, inda kowace al'umma ke rubuta abin da ta fi buƙata a jere, a tattara ta mazaɓa da ƙaramar hukuma a kai wa masu haɗa kasafi. Ana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a kan daftarin kasafi, majalisar jiha ma tana zama a kansa a Lugard Hall. Kasafin da aka sa wa hannu ana sa shi a intanet, kowane yaro mai waya zai iya nemo sunan garinku a ciki. Akwai kuma tsarin Eyes and Ears na kai rahoton aikin da aka watsar ko aka yi shi ba daidai ba, ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ga ayyukan tarayya.

Ku zauna tun tsakiyar shekara kafin a rufe daftari, da mai unguwa da liman ko fasto da shugabar mata da matasa. Kada ku rubuta abu ashirin, ku zaɓi biyu ko uku, ku faɗi sunan wurin daidai, misali kwalbatin da ke tsakanin gari kaza da kasuwa kaza, da yawan garuruwan da ke bin ta, ku haɗa da hoto. Ku ba kansila kwafi, ku ba ɗan majalisarku na jiha kwafi, ku riƙe ɗaya da hatimin karɓa da kwanan wata. In kasafi ya fito ku duba ko ya shiga, in ya shiga ku koma amsar bambancin tsari da kasafi ku bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ku naɗa mutum biyu da za su riƙa zuwa sakatariya duk wata uku suna tambayar nawa aka saki kuma wa aka ba kwangilar. In bai shiga ba ku sake miƙawa baɗi da kwafin ta bana a manne.